Ajiyar Zulai

A Katangowa na tsince ta,
ranar Talata, da muka farke dila ta uku,
tsakanin wandunan yara da labulen wani otal.
Hannuna ya riga idona ganinta.
Shekara goma sha tara ina yamutsa gwanjo,
ban taɓa taɓa tufa ta taɓa ni ba sai wannan.

Kashmiya ce, in ji Iya Bose ta rumfar gaba,
gashin akuya, na can ƙasan,
wanda ake tajewa a duwatsun da ruwa ke daskarewa.
Na yi dariya.
Ni da na tashi da jar akuya a gindin turke,
yaushe akuya ta yi laushin kuncin jariri?

Amma wa zai sayi suwaita a Ikko cikin Maris?
Kwalta tana manne wa takalmi,
fasinjan danfo na fifita da rasit,
wuta ta ɗauke, fanka ta yi tagumi.
Wani ya taya ɗari takwas don goge gilashin mota.
Na ce albarka,
na cusa ta a jakata kamar ɓarawon kayan kansa.

A gida na jiƙa ta da ruwan randa,
sabulu ɗan kaɗan, na wankan jarirai.
Ba a cuɗa ta, ba a murɗe ta,
lallashi take so, irin na tsohuwa mai fushi.
Na naɗe ta a tawul, na danna da tafin hannu,
na shimfiɗa ta a inuwa bisa tabarma.
Kada ka rataye ta, Iya Bose ta gargaɗe ni,
kafaɗunta za su zube kamar na mai bin bashi.

Kwana uku kafin ta bushe.
Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce,
ko gishiri kuka yake a cikin gwangwani.

A gwiwar hannun hagu na ga ɗinki,
zare toka-toka, ɗan sirit, an saƙa shi da haƙuri.
Wata ta zauna gaban taga a wata ƙasa
ta toshe ƙofar da asu ya buɗe.
Ban san sunanta ba.
Na dai san ba ta so a yar.

Leda ba ta yi, leda na tara gumi,
fumfuna ta zo ta yi fure a kai.
Rigar matashi na samo, ta auduga, tsohuwa,
na ninke hannuwan baya, na ninka biyu,
kanumfari bakwai a ƙullin tsumma,
kafur ɗaya a kusurwa, nesa da jikinta,
sai saman kwaba, inda ambaliyar Yuni ba ta kaiwa.
Asu, ga ƙofa a rufe.
Kyankyaso, nemi wani gida.

Duk Juma'a ta farkon wata nakan sauko da ita,
in kaɗe, in shinshina, in bar ta ta sha iska.
Mu biyu baƙi ne a nan,
ita daga dutse, ni daga Birnin Kudu,
kowa da zafin da yake haɗiyewa.

Zulai ba ta sani ba.
Tana can kan benci da fitilar waya,
tana haddace ƙasusuwan jikin mutum,
ta cike Jos a takarda, sau biyu ke nan.
An ce sanyin can yakan shiga har haƙori.

In sunanta ya fito, zan hau kujera in sauko da ita.
In bai fito ba,
kanumfari ba ya tsada,
zan sake ƙulla bakwai.